A Bar Mu Mu Ji Labarin Yaƙin Nan Daga Baki Fiye Da Ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi magana kan yadda hukuma ke juya labaran yaƙi a ƙasar nan, da abin da ke samun wanda ya fito ya ce bai gamsu da yadda ake yaƙin ba.

Mu mutanen Bauchi da Gombe ba 'yan kallo ba ne a wannan fitina ta Boko Haram. A Bauchi aka fara, ranar 26 ga Yulin 2009, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi. A Satumbar 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka fice. Bam ya tashi a Azare, ya tashi a tashar Dukku da ke cikin garin Gombe a Disambar 2014, ya tashi a babbar kasuwar Gombe ana jajibirin ƙaramar Sallah a Yulin 2015. Mayaƙa sun shiga Nafada da Bajoga da Ashaka. 'Ya'yanmu na cikin soja, kuma 'yan uwanmu da suka gudo daga Borno da Yobe suna zaune a unguwanninmu. Wanda ya ɗanɗana wannan duka yana da haƙƙin sanin yadda ake gudanar da yaƙin da ake yi da sunansa da kuɗin baitulmalinsa, yana kuma da haƙƙin cewa a sake lale in ya ga ana kuskure.

A duba yadda labarin fagen daga ke isowa kunnen mai sauraro. Kakakin runduna zai rubuta sanarwa da Turanci, ya tura ta zauren WhatsApp na 'yan jaridar da ke ɗauko labaran tsaro, haɗe da hotunan bindigogi da babura da aka jera a ƙasa. Sanarwar ta iso ɗakin labarai da la'asar, lokacin labarai na matsowa. Edita ya datse ta, ya miƙa wa mai fassara, mai fassara ya mayar da ita Hausa: dakaru sun yi luguden wuta, an hallaka 'yan ta'adda da dama, an ƙwato makamai, saura sun tsere da raunukan harbi. Tsakanin datsewa da fassara, sau da yawa sai a zubar da jinginar labarin ga wanda ya faɗe shi, mai sauraro ya ɗauka tashar ce ta gani da idonta. Alhali babu wakilin da ya taka wurin. Tashar ba ta da motar da za ta kai shi, hanyar cike take da shingayen soja, in ma ya je to cikin ayarin sojoji zai je, su nuna masa inda suka ga dama, su dawo da shi. Wanda ya ci abinci tare da soja, sojan ya tsare masa rai a hanya, da wuya ya dawo ya rubuta abin da zai ɓata masa rai. Haka zuciyar ɗan Adam take, kuma masu shirya tafiyar sun san da haka.

Da sanarwar hukuma ba ta taɓa kuskure ba, da abin ya zo da sauƙi. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kuɓutar da su duka in ban da guda 8. Shugabar makarantar da iyayen yara suka ce su ba su ga kowa ba, sai hedikwatar ta janye maganarta. 'Yan mata 276 aka ɗauka, kuma fiye da 200 na hannun mayaƙa a daidai lokacin da ake cewa saura 8. A Fabrairun 2018 aka maimaita a Dapchi: gwamnatin Yobe ta ce sojoji sun ceto wasu daga cikin ɗaliban, daga baya ta nemi gafara ta ce bayanin da aka ba ta ba daidai ba ne. Duk sa'ar da aka ɓata ana murnar ceton da bai auku ba, masu satar na ƙara nisa ne cikin daji. A Nuwambar shekarar kuma aka afka wa sansanin soja na Metele a arewacin Borno. Rundunar ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba, sannan ta ce sojoji 23 suka rasu, alhali sojojin da suka tsira da kafafen labarai na faɗin adadin da ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne hare-haren sama da ke faɗawa kan fararen hula. A Satumbar 2021 jirgin yaƙi ya buɗe wuta a ƙauyen Buhari da ke ƙaramar hukumar Yunusari a Yobe. Rundunar sama ta fara musantawa, sai da mutanen gari suka kai gawarwaki da masu rauni asibiti, labari ya bazu, sannan ta amsa cewa jirginta ne. Daren 3 ga Disambar 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 aka binne, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce sun kai 120. Abin da ya hana a rufe wannan magana shi ne hotunan da mutanen gari suka ɗauka da wayoyinsu, da wakilan da suka isa wurin washegari. Kafin nan, ranar 17 ga Janairun 2017, an jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann, fiye da mutum 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Bayanin da hedikwatar tsaro ta bayar daga baya shi ne ba a sanya sansanin a taswirar da ake aiki da ita ba. Wannan kuskure ne da ake iya gyarawa: a riƙa sabunta taswira, a riƙa tuntuɓar masu aikin agaji da sojojin da ke ƙasa kafin a saki bam. Amma kuskuren da aka ƙi amsawa ba ya shiga takardar da za a koyar da matuƙin jirgi na gaba.

To ta yaya ake sa kafar labarai ta kame bakinta? Yawanci ba a bukatar kama kowa. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, amma ya ce babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai gwamnati ko wanda shugaban ƙasa ya amince masa. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1992, ita ke kula da lasisi, shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta, kuma lasisin na shekara biyar ne sannan a sabunta. Hukumar ita ke rubuta ƙa'idojin watsa shirye-shirye, ita ke tuhuma, ita ke yanke hukunci, ita kuma ke karɓar tara. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5. A Yulin 2021 hukumar ta aika wa tashoshi takarda tana jan kunnensu kan bayyana dalla-dallar hare-haren 'yan ta'adda da 'yan bindiga, musamman a shirye-shiryen sharhin jaridu. A farkon Agustan 2022 ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri na musamman kan 'yan bindigar Zamfara, ta kuma ci irin wannan tara ga kamfanonin tauraron ɗan Adam da suka haska shirin BBC kan batun, bisa zargin ɗaukaka ta'addanci. Shirye-shiryen nan sun ji ta bakin waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, sun kuma ji ta bakin 'yan bindigar, sun nuna inda rikicin ya samo asali. Mutum na iya ƙin salon aikin, amma abin da aka nuna a ciki mutanen Zamfara sun daɗe da saninsa.

Tarar ba ta tsaya kan wanda aka ci ba. Manajan ƙaramar tasha a Gombe ko Azare, wanda abin da yake samu da ƙyar ke isar man janareta da albashi, zai lissafa abin da miliyan 5 ke nufi gare shi, ya kira shugaban sashen shirye-shirye ya ce a rage taɓa maganar tsaro. Babu wanda ya ba shi umarni, babu takardar da za a nuna wa kotu. Makonni kaɗan bayan waccan tara, hukumar ta fitar da sunayen tashoshi 52 ta ce ta soke lasisinsu saboda bashin kuɗin sabuntawa, daga baya ta dakatar da matakin. Bashin na gaskiya ne, amma tashar da ake bi bashi ta san da wa take magana. A Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Wannan hukunci ya cancanci kowane manajan tasha ya ajiye kwafinsa a teburinsa.

Bayan lasisi sai talla. A jihohinmu babu manyan kamfanoni masu yawa da ke sayen lokaci, don haka babban mai ciniki shi ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da 'yan siyasa: shirye-shiryen da aka ɗauki nauyi, sanarwar taya murna, da yarjejeniyar biyan wata-wata don a riƙa ɗaukar ayyukan gwamna. Ranar da tasha ta saki labarin da bai yi daɗi ba, fayil ɗin biyanta zai kwanta a wani ofis, ba wanda zai ce an ƙi biya, ba kuma wanda zai sa hannu. Tashoshin gwamnatin jiha kuwa gwamna ke naɗa manajansu, albashinsu daga baitulmali yake fitowa, kuma ma'aikaci ya san ana iya mayar da shi wani sashe da takarda guda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai gidajen jaridar da ke ba wakili katin shaida kawai ba albashi, su bar shi ya rayu da ambulan da ake rabawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Wanda abincin gidansa ke fitowa daga hannun kakaki ba zai tsare kakakin da tambaya mai zafi ba. Laifin mai gidan jaridar a nan ya fi na wakilin.

In waɗannan ba su yi aiki ba, sai a fito da ƙarfi. Daga 6 ga Yunin 2014 sojoji suka yi kwanaki suna tare motocin rarraba jaridu a manyan hanyoyi, suna ƙwace Leadership da Daily Trust da The Nation da Punch, da hujjar ana neman wasu kayayyaki masu hatsari ga tsaro. Jarida kuwa in ta kwana ba ta saiduwa, don haka asarar kuɗin ita ce horon. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja da Legas, suka kwashe kwamfutoci, suka tafi da editan shiyya da wani wakili, saboda labarin shirin sojoji na ƙwato garin Baga daga hannun mayaƙa. Fadar shugaban ƙasa ce ta ce su janye. Mu a nan ba mu manta da Bagauda Kaltho ba, ɗan Billiri, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, wanda ya ɓace a zamanin Abacha. A 1998 hukuma ta ce shi ne ya mutu yana dasa bam a otal ɗin Durbar a Janairun 1996, iyalinsa da abokan aikinsa suka ƙi yarda. Akwai kuma katse layukan waya, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da Zamfara a Satumbar 2021. An ce don a hana masu kai wa mayaƙa bayani ne. Amma layin da ɗan leƙen asiri ke amfani da shi, shi ne wanda manomi ke kiran agaji da shi in an kewaye ƙauyensa, shi ne kuma wanda labarin abin da ya faru ke fita ta cikinsa.

Malam Edita, sojoji na da gaskiya a wani wuri, kuma adalci ne a faɗa. Bayyana lokaci da wurin farmakin da ba a kai ba tukuna na iya jawo kwanton ɓauna. Haka faɗin yawan dakaru da makaman da ke wani sansani a yanzu, ko sunan wanda ke ba soja bayani, ko sunan sojan da ya rasu kafin a sanar da iyalinsa. Haka watsa bidiyon yankan rago da mayaƙa ke fitarwa don tsorata jama'a. Edita mai hankali zai riƙe waɗannan ko ba a roƙe shi ba, kuma wanda ke ganin labarin Baga na 2019 ya ƙetare wannan iyaka yana da hujjar da za a saurara. Sai dai wurin sauraronta kotu ce. Abin da ya riga ya auku kuwa hukuncinsa daban. Mayaƙan da suka afka wa Metele sun san yawan sojojin da suka kashe, domin suna wurin. Mutanen Tudun Biri sun san gawa nawa suka yi wa salla. Ɓoye adadin bai rage wa maƙiyi sanin komai ba. Wanda kaɗai aka bari cikin duhu shi ne ɗan ƙasa, da ɗan majalisar da zai amince da kasafin tsaro na baɗi.

Shi kuma mai sukar yadda ake yaƙin, abin da ake fara yi masa shi ne shafa masa kashin kaji: yana karya gwiwar sojoji, yana goyon bayan 'yan ta'adda, an biya shi daga waje. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita fagen daga. Hujjarsu ita ce ba a ba su makaman da za su tunkari mayaƙa ba, kuma a lokacin duk wanda ya maimaita wannan ƙorafi a rediyo sai a kira shi mai zagon ƙasa. Shekara guda bayan haka aka fara shari'ar zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, aka kuma sassauta hukuncin sojojin zuwa ɗaurin shekara 10. Da an saurari ƙorafin tun farko, rayuka nawa za a tsirar a garuruwan da suka faɗa hannun mayaƙa a 2014? A Yunin shekarar 'yan sanda suka haramta zaman masu neman a dawo da 'yan matan Chibok a Abuja, kafin a janye haramcin. A 2017 aka yi wa ofishin Amnesty na Abuja zanga-zangar neman ta bar ƙasar. A Disambar 2018 rundunar soja ta dakatar da ayyukan UNICEF a Arewa maso Gabas, ta janye cikin sa'o'i. Abin ba sabo ba ne: a 1967 an tsare marubuci Wole Soyinka bayan ya je Inugu ya gana da Ojukwu, jagoran Biyafara, don neman a kauce wa yaƙin basasa, bai fito ba sai 1969.

Maganar sulhu ta fi kowace jawo zargi. Amma gwamnati da kanta ta yi tattaunawa ta karɓo 'yan matan Chibok 21 a Oktobar 2016 da wasu 82 a Mayun 2017, da shiga tsakanin gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross ta duniya. A nan Malam Sidi, ƙaramar hukumar Kwami, akwai sansanin da ake gyaran tunanin tubabbun mayaƙa kafin a mayar da su cikin jama'a. Tunda hukuma na yin wannan, ɗan ƙasa na da damar tattauna shi a fili ta kowane ɓangare. Mai ganin a ƙara ba sulhu ƙarfi a ba shi makirfo. Matar da aka kashe wa miji, wadda ke ganin zalunci ne a koya wa mai kisan sana'a ita tana sansanin gudun hijira, ita ma a ba ta. Toshe bakin ɗayansu ba ya kawar da abin da ke ransa.

Kada a ɗauka wannan cuta tamu ce mu kaɗai. A Amurka an yanke wa ɗan siyasa Eugene Debs hukuncin ɗaurin shekara 10 saboda jawabin adawa da yaƙi da ya yi a 1918. An ƙwace kambun damben Muhammad Ali a 1967 saboda ya ƙi shiga yaƙin Biyetnam, sai 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. Masu sauraron rediyo a nan sun tuna 2003, lokacin da aka cika duniya da cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi. Manyan jaridun Amurka sun ɗauki maganar jami'an da ba a ambaci sunansu ba suka buga a shafin farko, jami'an kuma suka dawo talabijin suna kafa hujja da abin da jaridun suka buga. An saka ɗaruruwan 'yan jarida cikin rundunonin da suka shiga Iraƙi, an hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji, tashar MSNBC ta soke shirin Phil Donahue mai gayyato masu adawa da yaƙin ana saura makonni a fara. Ba a samu makaman ba. A Mayun 2004 jaridar New York Times ta amsa cewa ba ta tantance labaranta yadda ya kamata ba, a lokacin Bagadaza ta daɗe da faɗuwa. A 2008 jaridar ta bankaɗo cewa ma'aikatar tsaron Amurka ta riƙa shirya wa tsofaffin hafsoshin da ke sharhi a talabijin abin da za su faɗa, wasunsu kuma na da alaƙa da kamfanonin kwangilar soja. Ya kamata tashoshinmu su riƙa tambayar masu sharhi kan tsaro da suke gayyatowa ko suna da kwangila da wata hukuma, su kuma gaya wa mai sauraro. A Rasha, dokar Maris ɗin 2022 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda aka ce ya yaɗa ƙarya kan soja. Isra'ila ta rufe ofishin Aljazira a Mayun 2024. Su ma gidajen rediyon waje da muke saurare da Hausa da kuɗin ƙasashensu suke aiki, kuma an ga yadda umarni guda daga fadar shugaban Amurka ya tsayar da Muryar Amurka a Maris ɗin 2025. Mai sauraro ya ji kowa, ya kuma san wanda ke biyan kowa.

Abin da ya faru kan Nijar a 2023 ya nuna amfanin barin mutane su yi magana. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da mulki, aka fara zancen tura dakaru. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkinmu ya ce shugaban ƙasa ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai da amincewar majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa, kuma ba a tura soja yaƙi waje sai da yardar Majalisar Dattawa. Kafin dattawan su zauna, Arewa ta riga ta yi magana: a huɗubobin Juma'a, a shirye-shiryen kiran waya, a bakin 'yan kasuwa da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma gida ɗaya ake a ɓangarorin biyu. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar siyasa. Mako guda bayan haka tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta gana da shugaban mulkin sojan, Janar Tiani, a Yamai. Ba a yi yaƙin ba, duk da an sha wahalar rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Ba a kama masu adawar ba, ƙasa kuma ba ta rushe ba. Sai dai su ma sojojin Nijar ɗin da aka hana a yaƙa sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, sun dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024 bayan labarin wani hari da aka ce an kashe sojoji da yawa. Wanda ya ƙi yaƙi da Nijar saboda tausayin talakanta, ya kamata wannan ma ya dame shi.

Ga abin da ke hannun masu aikin, ba sai an jira sauyin doka ba. Duk adadin da ya fito daga sanarwa a jingina shi ga wanda ya faɗa, a kuma gaya wa mai sauraro in tashar ba ta iya tabbatarwa ba. In an ji labarin hari kan fararen hula, a nemi shaidu biyu da ba gida ɗaya suke ba, a tambaye su daban-daban: ƙarfe nawa, daga wace nahiya, sau nawa aka ji ƙara. A tuntuɓi mai unguwa, da limamin da ya ja sallar jana'iza, da ma'aikacin asibitin da aka kai masu rauni. A tattara sunayen mamata da shekarunsu, domin ana iya musanta adadi amma da wuya a musanta jerin sunaye. Hoton da ya zo ta waya a bincika shi a intanet kafin a yi amfani da shi, saboda sau da yawa ana yaɗa tsohon hoto ko na wata ƙasa, kuma kuskure guda irin wannan ya ishi kakaki ya ƙaryata labarin gaba ɗaya. A kira kakakin, a tura masa tambayoyin a rubuce, a ba shi lokaci, a ajiye shaidar an yi haka. A kula da yadda ake siffanta majiya: a ƙauyen da malamin firamare ɗaya ne, cewa wani malamin firamare ya shaida mana daidai yake da faɗin sunansa. A shirin kiran waya, na'urar jinkirta murya ta 'yan daƙiƙoƙi na ba mai gabatarwa damar yanke zagi ko tunzuri ba tare da an haramta batun baki ɗaya ba, kuma a adana sautin kowane shiri don ranar da za a zo da tuhuma. In an kama wakili, sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana guda in akwai kotu a tazarar kilomita 40. A sanar da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da lauya nan take, a kuma buga labarin kamun a ranar, domin wanda aka san inda yake ya fi tsira.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 na nan, amma kaɗan ke amfani da ita a shiyyarmu. Ana rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, a faɗi ainihin takardar da ake so, ba dole a faɗi dalili ba. A je da kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan guda, domin daga ranar ake ƙirga kwana 7 da doka ta ba su, kuma suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In za su ƙi, dole su ƙi a rubuce su faɗi sashen da suka dogara da shi, mai nema kuma na da kwana 30 ya garzaya kotu. Ƙin bayarwa ba bisa ƙa'ida ba na da tarar naira 500,000. Dokar ta ware bayanan da za su cutar da tsaron ƙasa, amma ta ce a bayar in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar. Inda ake yin kuskure shi ne tambaya mai faɗi, irin a ba mu duk bayanan yaƙi, wadda ke sauƙaƙa musu fakewa da tsaro. A tambayi abu guda: rahoton kwamitin bincike kaza, jerin waɗanda aka biya diyya da nawa aka ba kowa, ko kuɗin da aka fitar da sunan tsaro a wata kaza. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma, don haka ma'aikatun Bauchi da Gombe na ciki.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware ɗan gurbi sau ɗaya a wata don bin sawun kwamitocin binciken da ake kafawa bayan kowane hari kan fararen hula: ranar da aka kafa, wanda ke shugabanta, wa'adin da aka ba shi, da ko an fitar da rahoton ga jama'a. A fara da Rann, da ƙauyen Buhari, da Tudun Biri inda a 2024 hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja, da ƙauyukan Silame na Sakkwato da aka jefa wa bam ranar 25 ga Disambar 2024. Wakili ɗaya da waya da takardar neman bayanai sun isa wannan aiki.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Gombe.